Zuciyar mai atisaye: ƙarfi take ƙarawa ko kumburi take yi?

Baban Yara ya rubuta:

Assalamu alaikum 'yan'uwa, musamman waɗanda Allah ya ba ilimin lafiyar jiki a cikinku. Akwai wata magana da ta tsaya mini a rai, kuma ina neman bayani mai gamsarwa wanda ya wuce amsar nan ta "motsa jiki yana da amfani" da kowa ya haddace.

Na haura shekara 50, aikina kuma na zaman kujera ne. Tun bara na lazimci tafiya da sauri haɗe da 'yar sassarfa, kuma na ga canji, domin hakin da nake yi idan na hau bene ya ragu sosai. Abin da ya ɗaga mini hankali shi ne na'urar awon jini da nake amfani da ita a gida, wadda a da take nuna bugun zuciyata kusan 80 a minti ɗaya idan ina zaune, yanzu tana nuna ƙasa da 60. Na kuma ji ana cewa zuciyar masu yawan atisaye girma take yi. To, mu dai abin da muka sani shi ne idan likita ya ce zuciyar mutum ta kumbura, labarin ba mai daɗi ba ne. Na ga yadda wannan ciwo ya kwantar da wani yayana, ƙafafunsa suka kumbura, kwanciya rigingine ma ta gagare shi saboda ɗaukewar numfashi.

Saboda haka nake tambaya: mene ne ainihin abin da atisaye na yau da kullum yake yi wa zuciya da jijiyoyin jini? Ta yaya girman zuciya zai zama ciwo ga wani, ya zama lafiya ga wani? Raguwar bugun nan alamar ƙarfi ce ko alamar gajiya? Idan kuma motsa jiki yana kare zuciya kamar yadda ake faɗa, me ya sa muke ganin matasan 'yan ƙwallo, waɗanda babu wanda ya kai su atisaye, suna yanke jiki su faɗi a tsakiyar fili?

Malamin Kimiyya ya rubuta:

Wa alaikumus salam Baban Yara. Tsoron da ya kama ka daɗaɗɗe ne, domin likitoci da kansu sun shafe shekaru masu yawa suna jayayya a kansa. Zan fara da ɗan lissafi, saboda shi ne zai warware maganar bugun.

Jikin babban mutum da ke zaune yana buƙatar zuciya ta harba jini kusan lita 5 a kowane minti, kuma wannan buƙata kusan ɗaya ce ga mai atisaye da wanda ba ya yi. Wanda bai saba motsa jiki ba, zuciyarsa kan tura kusan mililita 70 a kowane bugu, don haka sai ta buga sau 70 ko fiye kafin ta cika lita 5 ɗin. Wanda ya daɗe yana gudu ko iyo ko tuƙa keke, zuciyarsa tana iya tura mililita 100 ko sama da haka a bugu guda, saboda haka bugu 50 ya wadatar da ita. Jinin da jiki yake samu bai ragu ba, yawan bugun ne kawai ya ragu domin kowane bugu ya ƙara auki. Shi ya sa ake samun manyan 'yan tseren nesa da bugunsu yake tsakanin 40 da 50 suna zaune, kuma lafiyarsu ƙalau.

Aukin bugun nan ta hanyoyi da dama yake samuwa, kuma ba lokaci ɗaya suke zuwa ba. Na farkon zuwa shi ne ƙaruwar ruwan jini, wanda a cikin makonnin farko na atisaye yakan ƙaru da kashi 10 cikin 100 ko fiye. Idan jinin da ke komawa zuciya ya yawaita, ɗakin zuciya na hagu na ƙasa, wanda shi ne mai harba jini zuwa ga dukkan jiki, yakan cika sosai, tsokarsa ta miƙe, kuma ɗabi'ar tsokar zuciya ce idan ta miƙe ta matse da ƙarin ƙarfi. Daga baya, bayan watanni da shekaru, ɗakin da kansa yakan ɗan faɗaɗa, bangonsa ya ɗan ƙara kauri daidai da faɗaɗar, sannan ya riƙa saki da sauri bayan kowace matsa, har ya iya cika ko da zuciya tana gudu. A gefe guda kuma jijiyar saƙo da ke zuwa daga ƙwaƙwalwa tana rage wa zuciya gudu takan ƙara rinjaye, kuma bincike ya nuna cewa ɗan gurbin da ke kunna bugu a cikin zuciyar ma yakan rage saurinsa.

Inda bambancin yake fitowa fili shi ne lokacin aiki mai tsanani. Zuciyar matashin da bai saba ba iyakarta ta harba kusan lita 20 a minti, amma ta zakaran tseren nesa tana kaiwa lita 35 har zuwa 40. Atisaye ba ya ƙara ƙololuwar saurin bugu, wannan shekaru ne ke rage shi sannu a hankali, kuma lissafin nan da ake yi na cire shekarun mutum daga 220 kintace ne kawai, yana iya kaucewa da bugu 10 ko fiye.

Akwai wata riba a raguwar bugu da mutane ba su cika sani ba, kuma a ganina ita ce ta fi shafar mai shekarunka. Jijiyoyin da ke ciyar da tsokar zuciyar kanta, musamman a ɓangaren hagu, sun fi samun jini a lokacin da zuciya ta saki, domin idan ta matse tana danne su. Kuma ko a zaune mutum yake, tsokar zuciya tana zuƙe kusan kashi 70 cikin 100 na iskar oksijin da ke cikin jinin da ya ratsa ta, don haka ba ta da wani tanadi da za ta jawo idan aiki ya ƙaru sai dai jinin ya ƙaru. Zuciyar da take bugawa a hankali tana da tazara mai tsawo tsakanin bugu da bugu, wato tana da isasshen lokacin shan nata jinin, kuma buƙatarta ta iska ta ragu.

Sai maganar girma. A shekarar 1899 wani likita ɗan ƙasar Suwidin mai suna Henschen ya riƙa ƙwanƙwasa ƙirjin masu tseren zamiya a kan dusar ƙanƙara da yatsunsa yana sauraron amon, ya gano cewa zukatansu sun fi na sauran mutane girma, ya kuma yanke cewa girman nan na ƙarfi ne. Wasu likitocin sun ƙi yarda, suna ganin alamar lalacewa ce, sai da na'urar hoton zuciya ta zo aka rabe tsakanin abubuwan biyu. Zuciya irin ta yayanka ta faɗaɗa ne saboda ta kasa fitar da jinin da ke cikinta, sai ya taru ya buɗa ta, ruwa ya koma huhu da ƙafafu. Ta mai atisaye kuwa ta faɗaɗa ne domin ta ɗauki jini da yawa, kuma tana fitar da shi yadda ya kamata. Girman nata yana da iyaka: a wani bincike da aka wallafa a 1991 a kan manyan 'yan wasan Italiya 947, mutum 16 ne kacal kaurin bangon zuciyarsu ya kai milimita 13 ko fiye, kusan dukkansu masu tuƙin kwalekwale ne, kuma babu wanda ya wuce milimita 16. Idan irin waɗannan suka daina atisaye na wasu watanni, kaurin yakan koma.

Waɗannan fa zakarun ƙasa ne masu horo na sa'o'i a kullum. Tafiya da sassarfa irin taka ba za su girmar da zuciya har likita ya kira ta kumburarriya ba. Idan hoto ya nuna zuciyar mai irin atisayenka ta girma sosai, a nemi dalilin a wani wuri, kada a jingina shi ga motsa jiki.

Ma'aikaciyar Jinya ta rubuta:

Malam, Allah ya ƙara basira, bayanin zuciya ya fito. Baba, ni kuma zan ɗora a kan jijiyoyi, domin a wurin yawancin mutanen da suka haura 40 matsalar daga can take farawa kafin ta iso zuciya.

Babbar jijiyar da ke fita daga zuciya da rassanta sun fi kama da tiyon roba sabo, wanda yake buɗewa idan an saki ruwa da ƙarfi sannan ya koma, amma idan ya daɗe ya bushe sai ya sandare. Wannan buɗewa da komawa ita ce ke sassauta ƙarfin kowane bugu kafin ya isa ƙananan jijiyoyin ƙwaƙwalwa da ƙoda. Idan shekaru suka ja jijiyar takan yi tauri, lambar sama ta awon jini ta hau, zuciya kuma ta riƙa turawa da wahala. An auna an gani cewa dattawan da suka lazimci tafiya ko gudu jijiyoyinsu ba su kai na tsaransu masu zama tauri ba, kuma ko wanda ya fara da girma, watanni kaɗan na tafiya da sauri suna dawo masa da wani kaso na laushin.

Sirrin yana cikin wata siririyar shimfiɗa da ta lulluɓe cikin kowace jijiya, wadda kaurinta ƙwayar halitta ɗaya ne tak. An daɗe ana ɗaukarta shafe kawai, sai a 1980 wani masanin kimiyya ɗan Amurka mai suna Robert Furchgott ya nuna cewa idan aka kankare ta, jijiyar ba ta iya saki yadda ta saba. Daga baya aka gano cewa wani sinadari take fitarwa mai suna naitirik oksaid, kuma a kan wannan aka ba Furchgott da Louis Ignarro da Ferid Murad kyautar Nobel a 1998. Abin da ke sa shimfiɗar ta fitar da sinadarin shi ne gogar da jini yake yi mata idan yana gudu. Duk lokacin da ka fita tafiya, jini ya ƙara sauri, gogar ta ƙaru, sinadarin ya fita, jijiya ta buɗe. Idan aka maimaita haka kullum, shimfiɗar takan ƙara yawan abin da take haɗa sinadarin da shi, kuma wannan sinadari ba buɗa jijiya kaɗai yake yi ba, yana hana ƙwayoyin da ke daskarar da jini mannewa a bango, yana kuma rage kumburin da ke share wa kitse hanyar taruwa.

Idan aka daɗe, girman jijiyar ma yakan canza, kuma a gaɓar da ake aiki da ita yake canzawa. An auna hannayen 'yan wasan tanis, aka tarar jijiyoyin hannun da suke riƙe sandar bugu da shi sun fi na ɗaya hannun iya ɗaukar jini, alhali mutum ɗaya ne, zuciya ɗaya ce. Clarence DeMar, wanda ya lashe gudun fanfalaki na birnin Boston sau 7 kuma ya ci gaba da gudu har tsufansa, da ya rasu a 1958 sakamakon ciwon daji aka duba zuciyarsa, aka ga faɗin jijiyoyin da ke ciyar da ita ya ninka na yawancin mutane sau biyu zuwa uku. Akwai ɗan kitse a bangonsu, amma hanya ba ta ƙuntata ba. A cikin tsokar ƙafa kuma ƙananan jijiyoyi masu kamar gashi sukan yawaita, ta yadda tsokar za ta zuƙi iska da yawa daga jinin da ya zo mata.

Ga masu hawan jini, atisaye irin na tafiya da gudu da keke yakan rage lambar sama da maki 5 zuwa 8, kuma bayan kowace fita jinin yakan sauka ya zauna ƙasa na sa'o'i da dama. Wannan ragi ba abin rainawa ba ne, ya yi kusa da abin da ƙwayar magani guda take yi. Har ga waɗanda jijiyar zuciyarsu ta riga ta fara ƙuntata an ga amfani. A birnin Leipzig na Jamus, Rainer Hambrecht da abokan aikinsa sun raba maza 101 masu irin wannan ciwo da bai tsananta ba gida biyu, aka buɗa wa wasu jijiyar da ɗan siririn bututun ƙarfe da ake sakawa a cikinta, wasu kuma aka sa su tuƙa keke na minti 20 kullum. A sakamakon da aka wallafa a 2004, kashi 88 cikin 100 na masu keke sun cika shekara ba tare da wata sabuwar matsala ba, a ɗaya ɓangaren kuwa kashi 70. Binciken ƙarami ne, kuma an zaɓi marasa lafiyar a tsanake, saboda haka kada wanda ƙirjinsa ke ciwo yanzu ya ɗauke shi hujjar ƙin zuwa asibiti. Na kawo shi ne domin ya nuna cewa jijiya mai ciwo ma tana amsa horo.

Amma Baba, ina da tambaya: kana shan maganin hawan jini? Domin akwai irinsu atenolol da bisoprolol da propranolol waɗanda aikinsu ne rage bugun zuciya, kuma idan an fara ba ka ɗaya daga cikinsu a tsakanin nan, ba atisaye kaɗai ya sauko da lambar ba.

Mai Ɗaga Ƙarfe ya rubuta:

Ina gaida manya. Duk bayanin da aka yi a kan masu gudu da keke ne, mu kuma masu ɗaga ƙarfe fa? Na ji ana cewa ƙarfe yana kaurara bangon zuciya ba tare da faɗaɗa ta ba, yana kuma taurara jijiya, har wasu suna cewa mai hawan jini kada ya kusance shi. Idan haka ne, Malam, ke nan mu cutar da kanmu muke yi muna zaton gina jiki muke yi? Ni dai na lura idan na ɗaga mai nauyi sosai kaina yakan yi dum, wani lokaci har in ga duhu-duhu idan na ajiye.

Malamin Kimiyya ya rubuta:

Ɗan'uwa, abin da ka ji yana da tushe, amma an ƙara masa gishiri. A 1975 wani likitan Amurka mai suna Morganroth ya kawo ra'ayin cewa masu gudu da iyo zuciyarsu faɗi take ƙarawa, masu wasannin ƙarfi kuma kauri. Ra'ayin ya shiga littattafai, sai dai binciken da aka yi daga baya da na'urori masu kyau ya nuna cewa ɗaga ƙarfe shi kaɗai ba ya kaurara zuciya sosai. Inda ake ganin mummunan kauri da raunin zuciya da saurin toshewar jijiya shi ne wurin masu yin allurai da shan ƙwayoyin kumbura tsoka, kuma ina roƙonka da duk wanda kuke horo tare ku nisance su.

Nauyin kan da kake ji kuwa gaskiya ne, kuma an auna shi. A 1985 masu bincike a Kanada sun saka siririn bututu a jijiyar hannun masu gina jiki suna auna jini kai tsaye yayin da suke tura ƙarfe da ƙafafu biyu, matsakaicin abin da aka samu ya kai 320 bisa 250, mutum ɗaya ma ya kai 480 bisa 350. Hawan na 'yan daƙiƙoƙi ne, kuma riƙe numfashi yayin yunƙuri yana daga cikin manyan abubuwan da ke haddasa shi. Duhun da kake gani bayan ka ajiye kuma faɗuwar jinin ce farat ɗaya. Maganinsa shi ne ka riƙa fitar da numfashi a lokacin da kake turawa, ka kuma rage yawan gwada ƙarfen da ba ka iya ɗagawa sai sau ɗaya. Game da taurin jijiya, an gan shi a wasu matasa masu ɗaga mafi nauyi, ba a gan shi a masu matsakaicin nauyi ba, kuma haɗawa da gudu ko keke yana kawar da shi. Shi ya sa Hukumar Lafiya ta Duniya a ƙa'idarta ta 2020 ta haɗa duka biyun: minti 150 zuwa 300 a mako na motsa jiki matsakaici, ko minti 75 zuwa 150 na mai tsanani, tare da atisayen ƙarfafa tsoka aƙalla kwana biyu a mako. Mai hawan jinin da aka riga aka daidaita masa da magani yana iya ɗaga matsakaicin nauyi, wanda jininsa yake sama sosai kuma sai ya sauko tukuna.

Baban Yara, akwai abin da ya kamata in ƙara maka game da shekaru. A birnin Dallas na Amurka an ɗauki mutane masu shekara 45 zuwa 64 waɗanda ba sa motsa jiki, aka sa su horo na kwana huɗu zuwa biyar a mako har shekara biyu. A sakamakon da ya fito a 2018, ƙarfinsu na amfani da iska ya ƙaru da kashi 18 cikin 100, kuma taurin da zama ya jawo wa tsokar zuciyarsu ya ragu. Masu binciken sun taɓa gwada horo na shekara ɗaya a kan waɗanda suka haura 65, sun sami ƙarin kuzari, amma taurin zuciyar bai sauya sosai ba. Ka fara ke nan a lokacin da tsokar take iya sauyawa. Sai dai ribar ba ta ajiyuwa. A wannan birni dai, a 1966, an kwantar da samari biyar 'yan shekara 20 a gado na mako uku, ƙarfinsu na amfani da iska ya faɗi da fiye da kashi ɗaya cikin huɗu. Da aka sake auna su bayan shekara 30, sai aka ga tsufan shekara 30 bai rage musu abin da kwanciyar mako uku ta rage ba.

Dattijo Mai Keke ya rubuta:

Na karanta duk abin da aka rubuta, kuma na ƙaru, amma na ga an tsallake tambayar Baban Yara ta ƙarshe, wadda a ganina ita ce ta fi damun jama'a.

'Yan wasan da ke faɗuwa a fili, galibinsu ba atisaye ne ya lalata musu zuciya ba, akwai wata cuta ɓoyayya da suke ɗauke da ita, gudu mai tsanani ya tono ta. Ga waɗanda ba su kai 35 ba, yawanci abin gado ne ko na haihuwa: ko tsokar zuciya mai kauri fiye da kima, wadda ake samu a kusan mutum 1 cikin 500, ko matsala a wutar da ke tafiyar da bugu, ko jijiyar zuciya da ta fito ta inda bai kamata ba. Marc-Vivien Foé na Kamaru, wanda ya faɗi a birnin Lyon a watan Yunin 2003 ana wasa da Kolombiya yana ɗan shekara 28, binciken gawarsa ya nuna irin wannan kaurin tsoka. Christian Eriksen na Denmak zuciyarsa ta tsaya a fili a 2021, amma da yake an fara danna masa ƙirji nan take aka kuma yi amfani da na'urar farfaɗo da bugu, ya rayu har ya koma wasa. Saboda irin wannan ne Italiya ta wajabta gwajin zuciya ga masu shiga gasa tun 1982.

Ga mu da muka haura 35 kuwa, abin da ke kashewa a lokacin atisaye galibi kitsen da ya taru a jijiyar zuciya ne ya fashe, jini ya daskare a wurin. A nan dole a faɗi gaskiya: a lokacin da mutum yake aiki mai tsanani, haɗarin yana hawa na ɗan lokaci. Wani bincike na Amurka da aka wallafa a 1993 ya nuna cewa wanda ba ya motsa jiki, idan ya yi aikin ƙarfi farat ɗaya, haɗarin toshewar jijiyar zuciya a sa'ar da ta biyo baya yana ninkuwa fiye da sau 100, wanda kuma yake atisaye sau biyar ko fiye a mako nasa bai kai ninki uku ba. Wanda nake ji wa tsoro shi ne mai shekara 50 da ya shekara goma a zaune, ranar hutu ɗaya ya shiga fili yana son ya nuna wa yara cewa da sauransa.

Ban kuma yarda a ce duk yadda aka ƙara atisaye haka lafiya take ƙaruwa ba iyaka ba. A Suwidin an bi mutane fiye da 52,000 da suka shiga tseren zamiya a kan dusar ƙanƙara na Vasaloppet mai nisan kilomita 90, aka ga waɗanda suka fi yawan kammala tseren sun fi samun rikicewar bugu irin ta ɗakunan sama na zuciya. Wannan na masu wuce gona da iri ne na shekaru da yawa, bai shafi mai tafiyar safe ba, amma ya kamata a sani.

Duk da haka, hujjar kariyar tana da ƙarfi, kuma ba daga 'yan wasa aka fara samo ta ba. A 1953 wani likitan Birtaniya mai suna Jeremy Morris ya kwatanta direbobin bas masu bene na Landan da kwandastocinsu, waɗanda suke wuni suna hawa da sauka a matakala suna karɓar kuɗi. Kwandastocin sun fi ƙarancin ciwon jijiyar zuciya, idan ya same su ma yakan zo a makare kuma bai cika kisa nan take ba. Da aka ce ai direbobin sun fi ƙiba tun farko, sai ya nemo ma'aunin ƙugun wandunan da ake ɗinka musu na aiki, ya tabbatar direbobin sun fi ƙiba, amma ya nuna cewa kwandasta siriri ne ko mai jiki, kariyar tana nan.

Baban Yara ya rubuta:

Na gode ƙwarai, Allah ya saka wa kowa da alheri. Hankalina ya kwanta game da maganar kumburi. Malama, amsar tambayarki ita ce ina shan ƙwaya ɗaya ta hawan jini, amlodipine, kuma na daɗe a kanta tun kafin in fara fita. Ba na jin jiri, ba na jin ciwon ƙirji. Tunda lambobin awon jinin ma sun sauko, ko zan iya rage maganin? Kuma ta yaya zan gane ina tafiya da saurin da ya isa?

Ma'aikaciyar Jinya ta rubuta:

Baba, amlodipine ba ya cikin masu rage bugun zuciya, don haka da alama atisayen ne ya yi aikinsa, kuma bugu tsakanin 50 da 60 ga mai motsa jiki wanda ba ya jin komai ba abin damuwa ba ne. Amma kada ka rage ƙwayar da kanka. Ka riƙa auna jinin safe da yamma na mako guda, kana zaune ka huta minti biyar, bayanka a jingine, hannunka a kan tebur daidai da ƙirji, ka rubuta lambobin har da na bugu, ka kai wa likitan da ya rubuta maka maganin, shi zai ga ko akwai abin ragewa. Tunda kuma ɗan'uwanka na jini ya yi ciwon zuciya, ka gaya masa wannan, ka nemi a yi maka gwajin zanen bugun zuciya tare da na suga da na kitsen jini.

Game da sauri, idan kana iya magana da abokin tafiya amma ba za ka iya rera waƙa ba, kana kan matsakaici. Idan ba ka iya haɗa kalmomi kaɗan sai ka ja numfashi, ka shiga mai tsanani. Ka riƙa farawa a hankali na 'yan mintuna, kuma kada ka tsaya cak bayan sassarfa, ka ci gaba da takawa har bugun ya lafa, domin tsokar ƙafa ce ke taimakawa wajen mayar da jini sama, idan ta tsaya farat ɗaya jinin yakan taru a ƙafafu a ji jiri.

Abubuwan da idan ka ji su za ka dakata ka nemi asibiti a ranar su ne nauyi ko matsi a tsakiyar ƙirji, musamman idan yana tafiya zuwa hannu ko muƙamuƙi ko baya, da suma ko jin kamar za ka suma a lokacin atisaye, da bugu mai tsalle ko gudu ba dalili, da haki a kan tafiyar da a makon jiya ba ta sa ka haki. Idan kana zazzaɓi ko mura mai tsanani ka huta har ka warke, domin wasu ƙwayoyin cuta suna taɓa tsokar zuciya, kuma atisaye a wannan hali yana iya tsananta abin.